Yadda Na Tona Asirin Idon Baba a Gaban Kwamiti

Edita, ina gaishe ka tare da masu karanta wannan shafi. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni ƙaramin gandiroba ne a wani gidan yari a nan Bauchi, ina cikin shekarata ta shida da sa kaki. Ina da mata da ɗa guda, muna zaune a ɗaki biyu cikin gidanmu na gado a Ƙofar Ran. Ban shiga aikin don ina son sa ba. Na yi difloma, na shekara uku ina yawo da takardu a ambulan har gefensu ya cinye, sai aka ce ana ɗaukar ma'aikata, na cike takarda, Allah ya sa aka ɗauke ni. Abin da na fi abokan aikina da shi kawai shi ne baki. Ina iya tsara magana da Hausa in juya ta zuwa Turanci ban yi tuntuɓe ba, har suka laƙaba mini Lauya. Nakan nuna kamar sunan bai dame ni ba, alhali in aka kwana biyu ba a kira ni da shi ba sai in ji kamar an zaftare mini albashi.

Wanda ya koya mini aiki wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, har ogan gidan. Kirista ne daga kudancin jihar nan, dogo siriri, mai tafiya a hankali kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. Hausarsa ba ta damu da namiji ko mace ba, in zai tambayi matata sai ya ce yaya madam, yana lafiya, mu yi ta dariya shi ma yana yi. Shi ya koya mini kada in ba ƙofa baya, kada in ƙirga mutane sau ɗaya in ce na gama, kuma kada in taɓa zagin fursuna da iyayensa, don wata rana a kasuwar Wunti za mu haɗu, ba kaki ba katanga. In azumi ya zo, yakan zo ya tsaya mini a bakin aiki da magariba in je in sha ruwa, ni kuma in karɓi aikinsa ranar Kirsimeti. Da aka haifi ɗana, matarsa, wadda muke kira Mama, ta zo har Ƙofar Ran da turmin atamfa da sabulu, ta wuni tana taya mata aiki kamar 'yar gida. Bai taɓa kira na Lauya ba. Ɗana yake ce mini, kuma ni da na rasa mahaifi tun ina firamare, kalmar tana shiga raina fiye da yadda nake bari a gani.

Wata rana da la'asar, mun tashi aiki muna zaune a gindin dalbejiyar da ke bayan bariki, sai ya miƙo mini wata takarda ya ce in karanta masa. Na yi masa tsiya na ce ko tabarau ya ɓata, sai na ga bai yi dariya ba. Takardar likita ce daga wani asibitin kuɗi. Ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya, na dama kuma yana ta matsewa, abin da ke gabansa kawai yake gani kamar mai leƙe ta bututu. Saura masa wata goma sha huɗu ya cika shekarun aikinsa. In hukuma ta sani, dole a tura shi gaban likitocinta, su kuma su ce a sallame shi. In aka sallame shi zai bar ɗakin bariki, ga gidan da yake ginawa a Miri ko rufi ba a yi ba, ga autarsa tana tsakiyar karatun jinya. Bayan wannan kuma, ya ce yana so ya fita yadda magabatansa suka fita, a yi masa fareti, ya sara, a sara masa, ya taka da ƙafarsa ya wuce ta babbar ƙofa. Abin da ya roƙe ni kaɗan ne: kullum da safe in biya ta allon sanarwa in karanto masa abin da aka liƙa, kuma in riƙe bakina. Na dafa ƙirji na ce ko matata ba za ta ji ba.

Daga baya na gane ba ni kaɗai na sani ba. Akwai tsofaffin ma'aikata huɗu ko biyar da suka daɗe suna rufa masa asiri, kuma ko a tsakaninsu ba sa tayar da zancen. Wannan wata al'ada ce tamu da ba a rubuta ta a ko'ina ba: in ƙarfin tsoho ya fara gazawa dab da ritaya, sai a kewaye shi a lallaɓa a kai shi ƙarshe. Mai rubuta jadawalin aiki yakan ajiye Baba a ƙofar cikin gida, inda ya san kowa da muryarsa. In lokacin ƙirga ya yi, sai ya bi layi yana dafa kafaɗar kowane fursuna, su kuma suna ɗauka halinsa ne na dattako. In juyi ya zo kansa na raka masu fita aiki waje, sai wani ya ce yana son shan iska, su yi musaya. Sau ɗaya dabarar ta ƙi. Wanda zai karɓe shi ya kwana da zazzaɓi, Baba ya fita shi kaɗai da fursunoni takwas zuwa sharar ciyawa. Ya dawo da su cif, don suna ganin girmansa, amma ya gaya mini tun da ya sa kaki bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A aikinmu in mutum ɗaya ya gudu a hannunka, ba aikin kaɗai za ka rasa ba, kana iya kwana a ɗakin da ka saba kullewa.

Mu masu kaki ba ma yajin aiki, ba mu kuma da ƙungiyar da za ta buga mana tebur. In abu ya dame mu sai dai mu yi ta gunaguni a gindin bishiya, ko mu jira ranar da manya za su zo jin koke. To, sai labari ya zo cewa an turo kwamiti daga hedikwata zai zauna da ƙananan ma'aikata kan albashi da yanayin aiki. Muka taru muka rubuta abin da muke so: alawus na haɗarin aiki, kaki da takalmi da muke ɗinkawa da saye daga aljihunmu, rufin bariki da ke yoyo, mai karɓar aiki da ba ya zuwa a kan lokaci har mutum ya yi tsayuwar mutum biyu, duba lafiyarmu duk shekara, da kuma a daina tura gandiroba ɗaya rakiyar masu fita aiki. Aka zaɓi mutum uku su wakilce mu, aka ce Lauya ne zai yi magana. A taron Baba ya ce neman ƙarin kuɗi ba laifi ba ne, amma shi da za a bi tasa, a kafe a kan rakiyar mutum biyu, don kuɗi ba sa amfanar wanda aka kora. Da muka fito ya ja ni gefe ya ce, ɗana, in yi magana a hankali, in yi maganar aiki ba ta mutum ba, kuma kada in ambaci kowa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai wannan fagena ne.

Na kwana uku ina haddace jawabi, har matata ta ce ta gaji da zama kwamiti, in nemi wani in yi wa. Ranar zaman na sa kakin da aka yi wa sitaci har yana ƙara, na goge takalmi ina ganin fuskata a ciki. Aka cika ɗakin taro, manya a kan tebur, mu a kan benci, tsofaffi a layin baya. Shugaban kwamitin wani babban jami'i ne mai furfura, mai sanyin magana, kuma har gobe ba zan ce ya zalunce mu ba. Muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Alawus, ya ce ba a hannunsa yake ba, amma zai rubuta da ƙarfi. Muka ja, ya ja, har ya yarda a sa wa'adin da za a ba mu amsa. Kaki da takalmi ya amince. Rufin bariki ya ce a kai shi ya gani da idonsa. Duk wanda na ci sai in ji ana gyaran murya a bayana, kaina kuma yana ƙara kumbura.

Da muka zo kan rakiya sai ya girgiza kai. Ya ce ma'aikata sun yi kaɗan a ko'ina, kuma ya duba takardun gidanmu, an daɗe wani bai gudu ba, to mene ne shaidar cewa mutum ɗaya bai isa ba? Na kawo misali, ya ture. Na kawo wani, ya ce wannan zato ne, shi shaida yake nema. Na ga ya ɗaga biro zai ja layi a kan maganar. A daidai nan zuciyata ta rabu biyu, kuma yau da nake rubutun nan ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Rabi tana tuna Baba shi kaɗai da mutum takwas a cikin ciyawa. Ɗaya rabin kuwa, wadda ta fi ƙarfi, tana cewa yanzu za a ce an kayar da Lauya a gaban jama'a. Sai na ji bakina yana cewa rashin gudun fursuna rahamar Allah ce ba tsari ba, domin a cikin ɗakin nan akwai wanda ya haura shekara talatin yana aiki, idonsa ba ya ganin abin da ya wuce taku goma, kuma an tura shi waje shi kaɗai da mutum takwas. Ban ambaci suna ba. Amma na waiwaya, kuma duk ɗakin ya bi idona zuwa layin baya.

Shugaban ya ajiye biro ya tambaya wane ne. Ba wanda ya motsa. Tsofaffin nan suka sunkuyar da kai, mai rubuta jadawali yana kallon takalminsa. Sai Baba ya miƙe da kansa, ya gyara hula, ya ƙame ya sara. Sai dai sarawar ta ɗan kauce, ta nufi wajen da babu kowa a gefen tebur, kuma kowa ya gani. Shugaban ya tambaye shi cikin ladabi ko zai iya gaya masa ƙarfe nawa a agogon bango. Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana neman agogon, sannan ya ce, ranka ya daɗe, shi bai taɓa yin ƙarya a cikin kaki ba, ba zai fara yau ba, ba ya gani. Aka ce ya zauna. Shugaban ya yi rubutu mai tsawo, ya ɗago ya ce an amince da rakiyar mutum biyu, an kuma amince da duba lafiya duk shekara.

Da aka tashi, samarin ma'aikata suka yi caa a kaina, wannan ya riƙe hannu, wannan ya dafa kafaɗa, ana ta Lauya, Lauya. Ta tsakanin kawunansu na hango Baba yana fita shi kaɗai yana shafa bango. Na ce a raina anjima zan same shi in yi masa bayani. Anjima ta zama gobe, gobe ta zama mako. Da na ba matata labari ina ƙara gishiri, ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni, to shi Baban fa? Na ce ai shugaban mutumin kirki ne, ba abin da zai faru. Mako uku bayan nan takarda ta zo, aka kai Baba gaban likitoci, suka rubuta abin da suka gani. Aka sallame shi saboda rashin lafiya, saura wata goma sha ɗaya ya cika, aka ba shi wa'adin barin bariki. Ba a yi fareti ba. Tsofaffin da suka rufa masa asiri kowa ya sami takardar tuhuma a fayil ɗinsa. Ba wanda ya zage ni a cikinsu, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. In mun haɗu su amsa gaisuwa su wuce, in na zo gindin dalbejiya sai kowa ya tuna yana da abin yi.

Ranar da a-kori-kura ta zo kwashe kayan su Baba, ina cikin gidan yarin, kuma na san da zuwanta. Na roƙi wani ya bar ni in tsaya a hasumiyar baya, inda ba a hango bariki. Ina jin ƙarar motar har ta ɓace, ban sauko ba. Daga baya na ji sun tare a Miri a ɗaki guda da aka rufa da tsohon kwano, autar kuma ta ajiye karatu ta dawo gida tana taya Mama sayar da ƙosai a bakin hanya, don haƙƙoƙinsa na barin aiki sun daɗe ba su fito ba.

Na kusa shekara biyu ina kare kaina a gaban kaina. Ina cewa ai gaskiya na faɗa, ai da wani ya gudu a hannunsa da abin ya fi haka muni, ai yanzu ba wanda ke fita shi kaɗai, ai duba lafiyar nan ta gano ciwon sukari a jikin mutum biyu da ba su san suna da shi ba. Duk wannan haka yake, amma ba ya hana ni sauya hanya in na hango wani ɗan cocin su Baba a kasuwa. Mahaifiyata ce ta gaji da ganina haka. Wata Juma'a na je gaishe ta, ta tambaye ni me ya sa Mama ta daina leƙo mu, na kwashe komai na gaya mata, na ƙare da cewa ni dai gaskiya na faɗa. Ta ce ba ta musa ba, amma gaskiyar nan ajiya aka ba ni, ba a ce in fita da ita kasuwa ba. Ta ce in tashi in je wurin Baba, kuma kada in sake zuwa gaishe ta sai na je.

Washegari da hantsi na hau babur na nufi Miri. Bayan kaka ne, na same shi zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki yana ɓarar gyaɗa. Mama ce ta fara ganina. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dube ni sama da ƙasa, ta shiga ta kawo ruwa ta ajiye. Na durƙusa a gabansa na yi sallama, duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu, ni da ake kira Lauya. Ya miƙo hannu ya lalubi kafaɗata, ya ce ɗana, ina ka shiga haka? Sai hawaye. Ya bar ni na yi mai isata, yana ta ɓarar gyaɗarsa. Sannan ya ce ya yi fushi da maganar da na yi, amma fushin bai wuce wata biyu ba. Wanda ya daɗe shi ne na rashin zuwana, don kullum in ya ji babur ya tsaya sai ya ce wa Mama ga shi nan ya zo. Ya ce da na same shi tun kafin zaman na tambaye shi, wataƙila da shi da kansa zai miƙe ya faɗa musu, don tun ranar ciyawar nan yake tunanin bai kamata ya ci gaba ba. Da haka ta faru, da shi ne ya ajiye kakinsa, ba tuɓe masa aka yi ba a gaban yaran da ya koya wa fareti.

Na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe tuntuni, in daina durƙuso kada ƙasa ta ɓata mini wando madam ya yi faɗa. Sai ya tambaye ni ko har yanzu mutum biyu ake turawa, ko an koma gidan jiya. Na ce har yanzu biyu ne. Ya juya wajen Mama ya ce ta ji ko, abin bai tafi a banza ba. Ya tambayi tsofaffin abokansa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wani fursuna mai tari ko an sake shi, ya tambayi ɗana ko ya shiga makaranta. Da zan tafi ya sa aka ɗura mini gyaɗa a leda, ya ce ta yaro ce, kada in cinye a hanya.

Tun daga ranar ba na yin wata ban je ba. Autar ta koma karatu ta gama, ni na kai Baba bikin yaye ta a bayan babur. Muna hira, muna dariya, yana kira na ɗana kamar da. Amma in na tambaye shi ido, sai ya ce da sauƙi, mun gode Allah, yadda zai gaya wa kowane baƙo. A bakin Mama na ji cewa na daman ma ya rufe, kuma wata uku ke nan da rufewarsa. A cikin watannin nan sau uku na je, kowane zuwa ina miƙa masa waya in nuna masa hoton ɗana, shi kuma ya riƙe ta kusa da fuska ya ce kai, yaro ya girma. Ranar da na ji haka sai da na tsayar da babur a gefen hanya, don ban iya ganin gabana ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, na san a ma'aikatu da yawa ana zaɓen mai baki a tura shi gaban manya ya nemo wa jama'a haƙƙinsu. Neman haƙƙi daidai ne, kuma masu tsaron gidan yari suna cikin waɗanda suka fi cancanta a saurare su, don ba kowa ya san tsayuwar da suke yi ba. Amma ina roƙon duk wanda aka ɗora wa wannan nauyi ya ji tsoron lokacin da gardama ta yi zafi, ya ga ana shirin kayar da shi, don a nan ne mutum ke laluben duk abin da ke kusa ya yi jifa da shi. Ciwon wani da sirrinsa ba hujjarka ba ce, ko da kuwa don shi kake faɗan. In kana ganin labarinsa zai taimaka, taka ka je ka tambaye shi tun kafin a zauna, in ya ce a'a ka haƙura ko da za a ja layi a kan buƙatarka, wani zaman zai zo. Kuma in ka riga ka yi kuskuren, kada ka ƙara masa da ɓuya kamar yadda na yi. Ni na samar wa abokan aikina mutum na biyu a rakiya, ina kuma gode wa Allah da hakan. Amma Baba ya daina gaya mini abin da ke damun sa, kuma ban san kwamitin da zan kai wa wannan koken ba.